NASIHA GA ƊAN'UWA BAƘO MAI NEMAN HALALI A KANO

 

Ya ɗan'uwa, wannan darasi naka ne kai saurayin da ka gama girbi a ƙasar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ka rataya 'yar jakarka ka nufo Kano domin ka ji labarin kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai. Kuma naka ne kai ɗan Kano, saboda baƙon nan a ƙofar gidanku yake kwana, sa'an nan kai ma gobe kana iya wayar gari baƙo a Kumasi ko Yamai ko Jidda. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, a masallatanmu na Hotoro ba a rasa saurayin da zai tsaya bayan sallar isha'i yana neman taimako, wani an kama ɗan'uwansa, wani an cinye masa kuɗin aikin wata biyu, wani inji ya taɓa masa hannu. In ka bi maganar a hankali, sai ka ga yawancinta abu ne da tambaya ɗaya tun farko za ta yi maganinsa.

Ka sani Kano ba ta ƙin baƙo, domin baƙi ne suka cika ta. Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali zamanin Sarki Yaji. Shehu Magili ya sauka zamanin Muhammadu Rumfa. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Agalawa, waɗanda Alhassan Ɗantata ya fito daga cikinsu, asalinsu daga ƙasar Abzinawa ne. Saboda haka kada ka shigo kana sunkuyar da kai kamar ɓarawo. Amma kuma kada ka shigo kana ganin tun da harshe ɗaya ne, addini ɗaya ne, to babu wani bambanci. Wannan zato shi ya fi jefa samari cikin wahala. Kai ɗan'uwa ne a masallaci, amma a gaban doka kai ɗan wata ƙasa ne.

KAFIN KA ƊAGA ƘAFA

Ka nemi yardar iyayenka, ka faɗa musu gaskiyar inda za ka. In kana da mata, ka sani ciyar da ita da tufatar da ita ba sa faɗuwa daga wuyanka don ka haye iyaka. Ka bar mata hatsin da zai kai ta lokacin da aikenka na farko zai iso, kuma ka lissafa cewa watan farko ba za ka aika da komai ba, domin yawancin kamfanoni sai wata ya cika suke biya, kai kuwa tun ranar da ka sauka kake cin abinci. Bashin da ka ci na kuɗin mota, a rubuta shi gaban shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to me zai sa ka ji kunyar rubutawa?

TAKARDA ALKAWARI CE

A nan za mu daɗe, domin a nan ne samari suka fi sakaci, har wani ya ce maka ai iyakar nan Nasara ne suka ja ta, Bature da Bafaranshe, mu ba ruwanmu. Gaskiya ne su suka ja ta, kuma ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Magarya, ta raba wa da ƙane. Amma ɗan'uwa, sanin tarihi ba ya fid da mutum daga hannun jami'in shige da fice. Sa'an nan malaman fiƙihu sun yi bayanin wanda ya shiga wata ƙasa da aminci, cewa ba ya halatta ya yaudari mutanenta ko ya karya sharaɗin da aka shigar da shi a kansa, ko da ƙasar ba ta Musulmi ba ce. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha ba su ɓoye kansu ba, da Najjashi ya kira su Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya ya faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. Hatimin da aka buga maka a bakin iyaka shi ne amincin wannan zamani.

Ga yadda al'amarin ya gudana. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975. A 1979 ƙasashenta suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya ingantacciya da katin allurar rigakafi. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama. Mutane da yawa sun riƙe rabin farko na maganar sun mance da rabi na biyu. A Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ECOWAS ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen nan uku, a bar su su shiga su fita kamar da, har sai an sanar da wani abu dabam. Ka lura da wannan kalma ta ƙarshe. Abin da da yake haƙƙinka ne a rubuce cikin yarjejeniya ya koma alfarma, alfarma kuwa ana iya janye ta da sanarwa guda a rediyo. Don haka duk lokacin da za ka taso, ka tambayi halin da ake ciki a wannan makon, kada ka dogara da labarin wanda ya zo bara.

Kada ka ce ba za a taɓa kora ba. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Nijeriya. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu mutanen Gana, amma 'yan Nijar da Chadi masu yawa na ciki. Aka sake yin wata korar a 1985. Kafin wannan, a 1969, Gana ce ta kori baƙi zamanin Busiya, Hausawa da Yarabawan da suka yi shekaru a zangon Kumasi da Ankara suka taho suka bar gidaje da rumfuna. Ka ga abin zagayawa yake. Iyaka kuma an rufe ta a Afrilu 1984, har mutanen ƙasar Maraɗi suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai Maris 2024 aka buɗe. Duk lokacin da irin wannan ta faru, mai takarda ya kan sha wuya kaɗan, marar takarda kuwa shi ne abincin kowa.

To, sai ka bi ta ƙofa. Daga Maraɗi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Damagaram ta Matamaye zuwa Kongolam da Daura, ko ta Maigatari, daga Ƙonni zuwa Illela. Ɗan babur ɗin da zai ce maka zo in zagaya da kai ta daji ba ƙaunarka yake ba, kuɗinka yake so, kuma dajin yankin Jibiya ba wurin gwaji ba ne a shekarun nan. Ka yi tafiya da rana. In ka iso, Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a nan Kano, ka je ka yi rajista ka karɓi katinsu, domin ranar da wani abu ya same ka su ne za su iya tsayawa su ce namu ne. Ka yi kwafin takardunka, ka ajiye na asali a wurin amintacce, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Akwai wani zunubi da samari suka mai da shi dabara. Mutum ya je ya ce shi ɗan Ɓaɓura ne ko ɗan Mai'aduwa, a ba shi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya yi katin ɗan ƙasa, har ya yi katin zaɓe. Wannan ƙarya ce, ƙaryar kuma da rantsuwa a cikinta, kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Katin zaɓe na 'yan Nijeriya ne kaɗai, ɗan siyasar da ya kai ka aka yi maka shi ba za ka gan shi ba ranar da aka same shi a aljihunka. Lambar NIN kuwa, wadda tun Disamba 2020 ake haɗa ta da layin waya, doka ta yarda a ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, a matsayinsa na baƙo. Hanyar gaskiya a buɗe take, ta dai fi tsawo. Kuma kada ka yi amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, kada ka ba wani naka. In aka yi barazana ko aka karɓi kuɗin fansa da layin, mai sunan ake nema.

MASAUKI

Yawancinku a tashar Ƙofar Ruwa kuke sauka. Kada ka taso sai ka san sunan wanda za ka sauka wurinsa da unguwarsa da lambarsa, a rubuce a takarda, domin waya tana mutuwa kuma ana fizge ta. Iyayenmu fatake ba sa shiga gari sai da fatoma, shi ke ba su ɗaki, shi ke tsaya musu a kasuwa. Sai da ɗan gari a kan ci gari. Washegari ka sa mai masaukinka ya kai ka gaban mai unguwa da limamin masallacin layinku, ka faɗi sunanka da garinku da sana'ar da ka zo yi. Wannan gaisuwa ta minti goma ta fi maka duk wani layan tsari da za a sayar maka, wanda dama shirka ce. Ranar da aka yi sata a layin aka ce ai baƙin nan ne, mutumin da liman ya saba gani a sahun asuba yana da mai shaida.

Ka zaɓi ɗaki da lissafin inda za ka yi aiki. Hotoro tana gabashin gari, wajen hanyar Maiduguri da dafo na man fetur. Daga nan zuwa Bompai ba nisa, ta 'Yankaba da titin Haɗeja. Amma Sharaɗa tana wancan gefen, Challawa kuwa ta fi nisa, can ta hanyar Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso. Wanda ke kwana a Hotoro yana aiki a Challawa, A Daidaita Sahu yake yi wa aiki, ba kansa ba. Gara ya nemi ɗaki a Panshekara, mai aikin Sharaɗa ya duba Ja'en, mai aikin Bompai ya duba Dakata ko Tudun Murtala. Kada ka ba dillali kuɗin haya sai ka ga mai gidan ko wakilinsa da idonka, kuma a ba ka rasit. Sa'an nan ka sani tun Janairu 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano, kada ka zo da tunanin yin kabu-kabu irin na Maraɗi.

SALLARKA DA AZUMINKA

Ana yawan tambayarmu wannan. A mazhabar Malikiyya matafiyi yana yin ƙasaru in tafiyar ta kai kimanin kilomita 80, saboda haka a kan hanya daga Damagaram zuwa Kano azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu ne. Amma da zarar ka sauka da niyyar zaman kwana 4 cikakku, hukuncin tafiya ya yanke. Kai da ka zo cin rani na wata biyar mazauni ne, za ka cika salla, za ka je Juma'a, kuma ba ka da uzurin matafiyi a Ramadan. Mun ga wanda ya yi wata uku a Hotoro yana ƙasaru, wai shi baƙo ne. Ganin wata kuma, wani lokaci Nijar da Nijeriya su kan bambanta da kwana guda. Ka ɗauki azumi ka sauke tare da mutanen garin da kake ciki, a nan sanarwar Sarkin Musulmi ake bi. Kada ka yi idi kai kaɗai a ɗaki don an buga maka waya daga gida.

Hausawa suna cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A al'adar da ba ta saɓa wa shari'a ba maganar daidai ce: yadda ake gaisuwa, yadda ake ciniki, ranar tsabtar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata da ba a fita da safe. Amma a addini babu jelar da za ka ɗaura sai da dalili.

A BAKIN ƘOFAR KAMFANI

Ka fara da sanin cewa Kano ta yau ba ta shekarun 1970 ba ce, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar wutar lantarki, ga kayan waje masu araha, kamfanoni da yawa sun rufe, za ka ga gine-ginensu sun koma ɗakunan ajiya. Waɗanda suka rage, na roba da na jima da na abinci da na man girki, masu neman aiki a ƙofarsu sun fi guraben yawa. Wannan shi ke sa a raina lebura, balle baƙo. Amma raini ba ya soke haƙƙi.

Ranar da za a ɗauke ka, ka yi tambaya huɗu kafin ka taɓa aiki. Nawa ne? Yaushe ake biya? Wa ke biya, kamfanin ne ko ɗan kwangilar da ya kawo ku? Sa'an nan awa nawa ne, da lokacin salla a ciki ko babu? Tambaya ta uku ita ce mai muhimmanci, domin leburori da yawa ba ma'aikatan kamfani ba ne a rubuce, na ɗan kwangila ne, in ya gudu da kuɗin sai manaja ya ce shi ya biya. Wani yaro daga wajen Tasawa ya zo mana da kuka, ya yi mako bakwai yana ɗaukar buhu a wani kamfani, da muka bi sawu sai muka tarar ko sunansa babu a littafinsu, wanda ya kai shi kuwa wayarsa a kashe. Da kyar aka samo masa rabin kuɗin, shi ma don wani dattijo mai gadi ya yarda ya ba da shaida. Da yaron nan yana da ɗan littafi yana rubuta ranakun aikinsa heluma na sa hannu, da maganar ba ta kai haka ba. Ka sayi littafin nan, bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. A Yuli 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin magani da diyya ta hannun hukumar NSITF, kuma ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14. A nan za ka ga amfanin takarda. Marar takarda in inji ya cire masa yatsa ba ya iya zuwa ofishin ƙwadago, domin yana tsoron tambayar farko da za a yi masa. Masu zalunci sun san haka, shi ya sa wasunsu suka fi son ɗaukarsa.

Ka kiyaye jikinka, amana ce. A majemun Challawa da Sharaɗa ana aiki da farar ƙasa da magunguna masu cin fata. Ka sa safar hannu da takalmin roba ko da abokan aiki sun yi maka dariya. Ramin da ruwan jima ke taruwa yana tara wata iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Kada ka shiga don an yi maka alkawarin ƙarin kuɗi. A kamfanin roba kada ka sa hannu cikin injin niƙa sai ka ga an kashe shi daga makunni, kada ka tsaya kusa da bel da babbar riga ko rawani mai jela. Ka ajiye tufa mai tsarki dabam domin salla. Ƙwayar da ake ce maka tana sa ƙarfin aikin dare, taramol da 'yan'uwanta, haram ce, kuma ita ce ke sa mutum ya ga bakin inji kamar wasa. Hukumar NDLEA ba ta tambayar ko don aiki ka sha.

Mai kamfanin yana iya zama Bakano, ko Kwara, ko Ba'indiye, ko ɗan Sin. Ko wane ne shi, ko yana salla ko ba ya yi, kayansa haram ne a gare ka. Fita da ɗan guntun waya ko ledar kaya a cikin wando sata ce, cewa ai shi ma yana cutarmu ba ta halatta ta. Kuma ka tuna mutumin da ya tsaya maka aka ɗauke ka, in ka gudu da kaya shi za a kama.

KUƊI

Ka fara gyara bakinka. A Nijar jaka sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5. A Kano in dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Ka riƙa faɗin adadi da naira a fili. Canji a Wapa ta Fagge ake yi, ka je da wanda ya san wurin, ka tambayi mutum uku kafin ka miƙa, ka ƙirga a gabansa, hannu da hannu kamar yadda shari'a ta sharɗanta a canjin kuɗi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, naira kuwa tun da aka sake ta a Yuni 2023 ta faɗi ƙwarai. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, albashin da ya yi maka kauri a aljihu yana iya zama ɗan kaɗan in ya isa hannun mahaifiyarka. Ka yi wannan lissafi tun kana gida, wataƙila ma ka ga noman rani a garinku ya fi. In ka zo kuwa, kada ka tara naira a ƙarƙashin katifa. A 1984 an canja launin kuɗi iyaka na rufe, a farkon 2023 aka sake canja manyan takardu, waɗanda suka ɓoye tsofaffi a ƙauyukan ƙetare sun ga tashin hankali. Ka riƙa aikawa a kai a kai ta hannun wanda aka sani. Bashin ruwa na cikin waya da cacar ƙwallo kuwa, ba sai mun tsaya ba, ka san hukuncinsu.

INDA BAƘO BA YA SA ƘAFA

A Disamba 1980 aka yi fitinar Maitatsine a 'Yan Awaki. Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, an taɓa korarsa daga Kano a 1962 ya dawo. Hukumar binciken da aka kafa ta ƙirga mutum 4,177 da suka mutu. Su wane ne suka cika gidansa? Samari 'yan cin rani da gardawa, waɗanda suka sauka a tasha ba su san kowa ba, aka tare su da tuwo da wurin kwana. Yunwa da kaɗaici su ne ƙofar da ɓata ke shigowa. Duk malamin da zai raba ka da masallacin jama'a, ya ce kowa kafiri ne sai mutanensa, ya hana ka tambayar dalili, ka guje shi ko da shi ke ciyar da kai. Bayan wannan fitina baƙin da ba su ji ba ba su gani ba sun sha tuhuma shekara da shekaru.

Haka nan zanga-zanga da gangamin siyasa. A Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an kama 'yan ƙasar Folan su 7 da suka zo Jami'ar Bayero, sai ƙarshen watan aka sake su, alhali suna da gwamnati mai bin sawunsu kullum. Kai wa zai bi naka? In gari ya rikice ka zauna a ɗaki. Kada ka sayi waya a hannun yaro a bakin titi don ta yi araha, ka saya a shago da rasit. Kada ka karɓi ajiyar jakar da ba ka ga cikinta ba, ko a tasha ko a ɗaki. In jami'i ya tsai da kai, ka yi magana a hankali, ka nuna takarda, ka nemi a kira mai masaukinka.

Wani ɗan abin dariya amma mai amfani: Hausarku ta sha Faransanci, tamu ta sha Ingilishi. In ka ce za ka likita, a nan asibiti ake cewa, lakwal makaranta ce, kwamisariya caji ofis. Kuma don Allah kada ka kira malamin makaranta mushe a Kano.

In zazzaɓi ya kama ka, asibitin Sir Sanusi na 'Yankaba yana kusa da Hotoro da Bompai, ga na Murtala a cikin gari. Kada ku cunkushe mutum goma a ɗaki guda ku rufe taga lokacin zafi, sanƙarau ya yi ɓarna a Kano a 1996, mashaƙo ya yi a 2023. Lokacin sanyi kuma kada ku kwana da garwashi ko janareto a rufaffen ɗaki. Ka riƙa yawo da 'yar takarda mai sunanka da garinku da lambar mutum biyu, ɗaya a Kano ɗaya a gida. Mun sallaci gawar da aka rasa wanda za a gaya wa.

KAI KUMA ƊAN GARI

Lokacin da Muhajirai suka isa Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ba mu ce ka raba dukiyarka ba. Nuna hanyar dai muke roƙo: ka karanta masa takardar da aka ba shi da Turanci kafin ya dangwala yatsa, ka raka shi ofishin shige da fice, ka faɗa masa kuɗin mota na gaskiya. Mai ga-ruwa da mai gadin layinku da ka riƙe wa lada kana cewa gobe, don ka san ba shi da inda zai kai ƙara, ka sani yana da inda zai kai. In kuma baƙo ya nemi auren ƙanwarka, kada ka ƙi shi don garinsu, kada kuma ka ba shi don ya iya gaisuwa. A aika garinsu a bincika ko yana da mata da 'ya'ya, a yi gwajin lafiya da dokar Kano ta 2024 ta wajabta kafin ɗaurin aure, a kuma yi magana a fili a kan inda za a zauna in ya tashi komawa.

Ranar komawa, ya ɗan'uwa baƙo, ka sanar da wurin aikinka da wuri domin a haɗa maka lissafinka, kada ka ɓace ranar da aka biya albashi ka bar wanda ya tsaya maka da jin kunya. Ka biya mai shayi da mai shago, ka miƙa makullin ɗaki hannun mai shi, ka yi sallama da liman da mai unguwa. Ka tambayi kayan da aka hana fita da su kafin ka sayi tsaraba, domin hatsi da man fetur sun sha jawo wa mutane kamu a hanyar Jibiya da Kongolam. Ka bi ta ƙofar da ka shigo a buga maka hatimin fita, domin shi za a duba in ka dawo baɗi.